Kaset ɗin Baba da Kunnen Injiniya

Babu wanda ya raɗa masa suna Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya kira mai fenti ya rubuta a saman ƙofar shagonsa da manyan baƙaƙe, har da zanen wani ƙaton kunne a gefe. Sana'arsa bayar da hayar sifikoki ga masu taro da ɗan gyaran rediyo, amma in ka zauna da shi minti biyar zai gaya maka cewa aikinsa na ainihi shi ne ji. "Ku kunnuwanku na rataye tabarau ne," haka yake ce wa mutanen layi, "nawa na aiki ne." Wannan labari daga bakinsa na ji shi, ya fi sau uku, kuma a duk lokacin da zai bayar shi ne yake fara dariya, wai don kada wani ya riga shi.

Wata Lahadi da hantsi Yaya, babbar yayarsu, ta shigo shagon da wani abu ƙunshe cikin ɗankwali. Ta kwance a hankali ta ajiye a kan tebur. Kaset ne, tsoho, takardar jikinsa ta koma ruwan ƙasa. A shekarun da mahaifinsu yake tuƙa babbar mota, yakan yi wata uku ba a gan shi ba, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko gida a maimakon wasiƙa. Duk sun ɓace sai wannan, da aka tsinta a ƙasan akwatin Inna, mahaifiyarsu. Baba ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, kuma babu inda muryarsa ta rage a duniya sai cikin wannan 'yar roba.

"Inna tana so ta ji," in ji Yaya. "Ranar Asabar kowa zai hallara a gidanta. Ni da na so in kai wa Mai Waya na bakin layi ya juye mana, amma ta ce ga ɗanta, me za a yi da ɗan wani."

Injiniya ya dafe ƙirji kamar an soke shi.

"Mai Waya? Haba Yaya! Mutumin da yake cusa waƙa dubu a memori ɗaya? Shi za ki miƙa wa Baba? Zauna in yi miki bayani."

"Ina sauri, Auta."

"Zauna dai."

Ya yi mata bayani a tsaye, don ba ta zauna ba. Ya ce matse sauti iri biyu ne. Akwai wanda yake zubar da wani abu daga cikin sautin don fayil ya ƙanƙance, shi ne na yawancin waƙoƙin da ke wayoyin mutane. Akwai kuma wanda ba ya zubar da ko ƙwayar komai, sai dai ya shirya sautin ya zauna a ɗan wuri, in an buɗe ya dawo yadda yake tun farko. Wannan na biyun shi ya dace da Baba. Har zuwa nan gaskiya Injiniya ya faɗa. Matsalarsa tun yana yaro ita ce bai taɓa sanin inda ya kamata ya tsaya ba.

"Shi kuma na biyun," ya ci gaba, "matakinsa tara ne, daga sifili zuwa takwas. Jahilai sukan sa a takwas, su shaƙe wa sauti wuya. Ni a sifili zan sa Baba, ya miƙe ƙafa ya sha iska."

"Ka sa shi a inda ka ga dama," in ji Yaya tana ɗaura ɗankwalinta. "Ni dai ka dawo mini da kaset ɗin yadda na ba ka."

Kafin la'asar babu wanda bai ji labarin sifili ba a layin. Washegari da safe yana teburin mai shayi yana maimaitawa, sai ga Mai Waya ya zo da kofinsa. Mutum ne marar hayaniya, irin waɗanda ke ƙona wa mai surutu rai, domin sai ka gama zuba su faɗi jimla ɗaya su koma shan shayinsu.

"Injiniya," ya ce, "sifili da takwas ai abu ɗaya suke fitarwa. Kamar sa riga ne a jaka. Ka ninke ta sosai ko ka ninke sama-sama, rigar dai ita za ka fitar. Takwas ya fi ɗaukar lokaci, ya fi cin ƙaramin wuri, shi ke nan."

"Riga ai tana yamutsewa!"

"Wannan ba ta yamutsewa."

"A kunnenka. Ni daga ƙofar gida nake gane takwas."

Mai walda, wanda ya daɗe yana neman abin da zai sa shi nishaɗi, ya ce to a gwada mana. Nan take aka ɗaure wa Injiniya ido da tawul ɗin mai shayi, mai ƙamshin madara da hayaƙi, aka ɗora masa hedifon. Mai Waya ya kunna wata waƙa daga wayarsa.

Injiniya ya yamutsa fuska. "Takwas! Wayyo, kun ji yadda aka danne wa bawan Allah maƙogwaro?"

Aka sake kunnawa. Ya saki ajiyar zuciya, ya jingina da bango. "Sifili. Yanzu ya samu sarari. Har numfashin mai ganga nake ji."

Na uku ya ɗan daɗe yana karkata kai. "Huɗu da rabi."

"Babu rabi," in ji Mai Waya.

"To biyar."

Aka kwance tawul. Mai Waya ya juya wayar ya nuna wa jama'a. Fayil ɗaya ne ya kunna sau uku, kuma ba ma irin wanda ake gardama a kai ba ne, irin mai zubarwar ne da Injiniya ya ce ko kyauta ba ya saurara. Mai walda ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Injiniya ya miƙe ya karkaɗe riga cikin natsuwa.

"Batirin wayarka ne ya yi ƙasa tsakanin na farko da na uku. Ku ba za ku ji ba, amma ni na ji."

Ya tafi yana jin dariyarsu a ƙeyarsa. Wani da ya sha irin wannan sai ya rage murya kwana biyu. Injiniya sai ya ƙudura cewa aikin Baba zai zama abin da za a daɗe ana faɗa a layin, kuma ta wannan fannin kam burinsa ya cika.

Ranar Talata ya bi shago-shago yana roƙon shiru. Sa'a ɗaya yake so, gobe Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa uku na rana. Tela ya yarda ya ɗaga ƙafa daga keke. Mai injin niƙa ya yi ta gunaguni, amma da ya ji muryar marigayi ce sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya yarda. Mai walda ne ya tsaya yana sosa kai.

"Ba ta kebul za ka juye ba, daga rikoda zuwa kwamfuta?"

"Ta kebul mana."

"To kebul yana da kunne ne da zai ji ƙarar gudumata?"

"Ƙarar ƙarfe tana girgiza lantarki. Kai dai ka yi waldarka, ka bar mana ilimi."

"Ai ka ce kada in yi waldar."

"Bayan ƙarfe uku nake nufi!"

Ranar Laraba ya mayar da ɗakin zaman gidansa wani abu dabam. Ya jingina katifu biyu a tagogi, ya rataye barguna a ƙofa, ya kashe fanka, ya cire batirin agogon bango. Zakaran maƙwabta aka rufe shi da kwando aka kai bayan gida. Yara aka tura gidan kakarsu. Ɗakin ya yi zafi har gumi yana ɗiga daga gemunsa, amma shirun da aka samu a layin nan ranar, tsofaffi sun ce rabonsu da irinsa tun kafin a kawo wuta.

Ya ɗauko tsohuwar rikodarsa ya goge. Ya soka hedifon a jikinta don ya ji abin da ke fita. Ya ja kebul daga rikodar zuwa bayan kwamfutarsa, babba ce ta tebur, mai 'yar kyamara a saman allo da yake gaisawa da abokai ta ciki. A bayan kwamfutar ramuka uku ne, kore da shuɗi da ja. Ya dube su, ya zaɓi kore, domin ya fi kwanta masa a rai. Ya buɗe manhajar ɗaukar sauti, duk wani maɓalli da ya gani ya murɗa shi zuwa ƙarshe, na matsewa kuwa ya mayar da shi sifili yana murmushi.

Matarsa ta ɗaga bargo ta shigo da ruwa da gyaɗa a faranti. Ta tsaya tana kallon allon.

"Baban yara, wannan koren abin da ke tsalle, kamar in ka yi magana ne yake motsi."

"Ya ga ƙwararre ne, yana gaisuwa. Fita ki ja mini bargon."

"Ga shi ya sake yi."

"Na ce ki fita, kina ɓata mini iskar ɗaki."

Ta fita. Ya ɗora hedifon, ya danna jan maɓalli a kwamfuta, ya danna na rikoda. Aka ɗan yi shuuu, sannan wani ya yi gyaran murya a cikin kunnensa, ya yi sallama.

Baba ne, da muryarsa mai kauri, da yadda yake jan magana kamar yana hawan tudu da kaya. Yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana ba da labarin hanya, yana yi wa kowa faɗan da ya tara masa. Minti arba'in da biyar Injiniya ya yi a wurin, shi da ubansa su kaɗai. Yana da wata ɗabi'a da duk masu sa hedifon suka sani, wato mantawa da cewa bakinsu a waje yake. Abin da bakin nasa ya yi a wannan lokaci, za mu zo kansa.

Kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas. Injiniya ya share fuska da gefen riga, ya ce gumi ne, ya adana fayil ɗin. Sannan ya danna maɓallin mayarwa baya don ya miƙa wa Yaya kayanta yadda ta kawo. Rikodar ta yi wani kuka, ta yi shiru. Da ya buɗe sai ya tarar ta tauna zaren kaset ɗin, ta naɗe shi a haƙoranta. Ya ja da biro, ya ja da allura, ya ja da addu'a. Da zaren ya fito, tsawon kamu da yawa, duk ya cukurkuɗe ya yamutse.

Nan ne maganar riga ta faɗo masa a rai. Abin da ya yamutse ai guga ake yi masa.

Ya zaro sauran zaren daga kwanson, ya tattara gaba ɗaya ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗauko dutsen gugar matarsa. Bai sa shi a ƙarshe ba, yana so a san da wannan, a tsakiya ya sa. Ya ɗora sau ɗaya. Da ya ɗaga, rabin zaren yana manne a gindin dutsen, rabin kuma ya dunƙule ya zama wani baƙin ƙulli mai hayaƙi.

"Me yake ƙonewa?" matarsa ta ƙwala daga tsakar gida.

"Gwaji ne!"

Ta shigo, ta dubi dutsen gugarta, ta dubi kwanson kaset ɗin da ba komai a cikinsa, ta dube shi.

"Ai na riga na kwashe shi tsaf," ya ce da ƙaramar murya. "Yana cikin kwamfuta, a sifili. Ko numfashi ɗaya bai zube ba. Kaset kwano ne kawai, abincin na nan."

"Ka saurara ka ji?"

"Sauti irin wannan ba a buɗe shi a ƙananan sifikoki. Raini ne. Ji na farko na Inna ne, a manya."

Gaskiyar maganar ita ce tsoro yake ji kada ya sake yin irin gumin ɗazu, wanda ta ido yake fita. Bai saurara ba, ranar Laraba, ko Alhamis, ko Juma'a.

Yaya ta kira ta ce ya turo mata a waya ta fara ji. Ya tura. Da yake ya murɗe komai zuwa ƙarshe, fayil ɗin ya yi girman da tun safe har la'asar bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba.

"Wai me ka turo mini ne, Auta, da ya ƙi shigowa?"

"Baba mutum ne mai nauyi, Yaya. Ba ya shiga ƙaramar waya."

"To kaset ɗin fa?"

"Yana hutawa."

Mai Waya ya leƙo shago ya ce in yana so a kwafa masa a memori, ya huta da ɗaukar kaya. Injiniya ya ce kwafi yana gajiyar da sauti, kowane juyi sai ya ɗan rame. Mai Waya ya juya ya tafi.

Saboda haka ranar Asabar da rana aka ga Injiniya cikin sabuwar riga yana tura baro. A cikin baron akwai kwamfuta da allonta, da manyan sifikoki biyu irin na filin taro, an ɗaure da igiyar shanya. Sau biyu taya tana faɗawa rami, sau ɗaya sifika ta zame mai shayi ya tare ta da ciki. Mai walda da tela da mai injin niƙa suka rufe shaguna suka bi bayansa. Suka ce shirunsu yana cikin aikin nan, dole su ji abin da aka yi da shi. Mai Waya ma ya biyo, hannu a aljihu.

Gidan Inna ya cika. Tana zaune a kujerarta a tsakar gida, ta sa tufafin da take ajiyewa don manyan ranaku. Ga Baffa, ƙanen marigayi, da gemunsa baƙi wuluk duk da shekarunsa. Ga Yaya da mijinta, ga jikoki, ga surukai. Injiniya ya haɗa kaya, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu.

"Jama'a, abin da za ku ji yanzu ba irin na waya ba ne. Ba a zubar da komai ba, ba a rage komai ba. Duk abin da ya shiga, shi zai fito. Wanda ya ji wani abu ya ɓace, ya zo ya goge kunnen da ke ƙofar shagona da hannunsa."

"A kunna mana, Auta," in ji Inna.

Ya danna. Shiru ya fito daga sifikokin, shiru mai tsabta, har mai injin niƙa ya gyaɗa kai ya ce wannan nasa ne. Sai aka ji kujera ta yi ƙara. Sai aka ji ƙurus, ƙurus, wani yana taunar gyaɗa, a fili kamar a cikin kunnenka yake taunawa. Sannan murya ta cika gidan, ta haura katanga.

"Yauwa! Yau Mai Waya zai san akwai manya a garin nan. Ɗan ƙwal uba, wai riga a jaka."

Muryar Injiniya ce. Mutane suka dubi sifika, suka dubi mai muryar. Shi kuma ya dubi allon, ya dubi 'yar kyamarar da ke samansa, wadda ashe tana da makirufo a cikinta, ya tuna da koren abin da ke gaisuwa. Kebul ɗin da ya soka a koren rami bai kai komai ko'ina ba, domin kore na fitar da sauti ne, ba na shigarwa ba. Baba a hedifon ya tsaya. Kwamfuta ɗaki ta saurara, ɗakin da aka yi wa shiru na musamman don kada komai ya dame ta.

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji sifika. Aka ɗan yi shiru. "Wai a gaida Baffa? Hmm, Baba, da ka ga Baffa yanzu. Gemun nan duk Juma'a sai an shafe shi da baƙin rini, wai shekararsa hamsin da biyar. Tun ina firamare yake hamsin da biyar."

Baffa ya kai hannu gemu. Jikoki suka cusa kai cikin cinyoyin iyayensu. Injiniya ya yi tsalle zai kashe, Baffa ya damƙe masa gefen sabuwar riga.

"Ina za ka? Ba kai ka ce ba a rage komai ba? Zauna mu ji duka."

"Ita kuwa Yaya," sifika ta ci gaba, "tana nan yadda ka bar ta, tana mulkinmu kamar ita ta haife mu. Mijinta kuma in ya zo sai ya haye kujerarka, ya ci kwano biyu, ya yi ta munshari har a kira la'asar."

"Kwano ɗaya da rabi," in ji mijin Yaya, ba tare da an tambaye shi ba.

Mai walda ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Tela ya toshe baki da hula. Mai Waya kaɗai bai yi dariya ba, ya karkata kai yana saurare.

"Gaskiya aikin ya yi tsabta," ya ce. "Har haɗiyar yawu ana ji."

Yaya ta miƙe. Ba ta cikin masu dariya.

"Ya isa. Kashe wannan shirmen, a kawo rikoda a sa kaset ɗin kansa. Ina yake?"

Injiniya ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi sama. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwanson, da ɗan baƙin ƙullin a cikin leda, ya faɗi abin da ya faru, har da dutsen guga, har da cewa a tsakiya ya sa. Dariyar ta ɗauke ɗif. Yaya ta karɓi kwanson ta juya shi.

"Guda ɗaya ne, Auta. Guda ɗaya tak ya rage mana."

Injiniya ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce a ransa da a ce Baffa ya kwaɗa masa mari da ya ji sauƙi. Ya miƙa hannu zai zare wuta daga bango.

"Kada ka taɓa," in ji Inna.

Ita ba su take kallo ba. Sifikar take kallo, ta ɗan sunkuyo gaba. Domin abin bai tsaya ba, kuma muryar da ke fita ta sauya. Taunar gyaɗa ta ƙare, tsegumi ya ƙare. Injiniya na cikin sifika ya fara bin bakin ubansa, yana maimaita abin da yake ji kamar ɗan makaranta, yana jan maganar yadda mai ita yake ja.

"'Ki riƙa shafa maganin ƙafar nan, kada ki ce sai na dawo. Na san halinki.' To Baba, har yau ba ta shafawa. 'Hanya lafiya, sai dai kewa. Abincin kowa na ci, ban samu irin naki ba.'" Aka yi shiru mai tsawo. "'Auta kuma, a gaya masa ya bar mini rediyona. In na dawo na tarar ya kwance shi, ni da shi ne.'"

Sai dariya ta fito daga sifikar, ta karye a tsakiya.

"Na kwance shi, Baba. Ranar da kaset ɗin nan ya zo na kwance shi. Har yau ban iya mayarwa ba."

Bayan haka kuka ne, na babban mutum mai gemu, da jan majina da komai, a sifikoki biyu na filin taro, ba a zubar da ko ɗigo ba. Babu wanda ya yi dariya. Baffa ya saki rigar ya juya fuska wajen katanga. Yaya ta koma ta zauna, kwanson yana cinyarta.

"Mayar mini baya," in ji Inna. "Wurin maganin ƙafa."

Ya mayar. Ta saurara ido a rufe.

"Shi ne," ta ce. "Muryar ubanku ce sak. Har cika bakin. Shi ma ya taɓa cewa zai gyara mini keken ɗinki cikin minti goma. A kwando muka kwashe keken."

Ta laluba gefen kujera ta fito da 'yar wayarta ta miƙa wa Mai Waya.

"Ɗana, sa mini wannan a nan. Duka. Kada a cire komai."

"Har da wurin gemun?" in ji Baffa.

"Shi za a fara sawa."

Mai Waya ya karɓa, ya ce zai samo mata babban memori. Ya juya wajen Injiniya, fuskarsa ba alamar wasa.

"Injiniya, a wane mataki za a sa?"

Kowa ya zuba masa ido. Ya dubi takalminsa.

"Sa a takwas," ya ce. "Duk ɗaya ne."

Mai walda ya ce a taimaka a maimaita, bai ji da kyau ba, kunnensa na rataye tabarau ne. Aka sake fashewa da dariya, wannan karon har da Yaya, tana share ido tana cewa ba ta yafe ba tukuna. Ranar Litinin kuwa Injiniya da kansa ya hau tsani da fenti ya shafe kunnen nan, mai walda yana riƙe masa tsanin yana ba shi shawara.

Amma kafin a watse ranar Asabar ɗin, Inna ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa a gefen kujerarta. Ta sa aka mayar da abin wurin dogon shirun nan, inda ba a jin komai sai numfashinsa.

"A nan ka yi shiru kusan minti biyu," ta ce a hankali. "Kai kaɗai ka ji shi, kuma babu mai sake ji. Me ya ce?"

Injiniya ya gyara zama a ƙasa, ya rufe ido ya tuna. Ya faɗa mata yadda ya ji, bai rage ba, kuma abin da tun da aka haife shi bai taɓa yi ba, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.